Lambar Jinin Malam

Tsiga

Zuwa ga 'yata Ummukulsum,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya maigidanki da yara? Ki yi haƙuri da rubutuna, kin san da furfura na shiga aji. Ba na son ɗan kowa ya rubuta mini maganar babanku.

Allurar sankarar mafitsarar nan tana wahalar da Malam. Zufa takan karyo masa ko da sanyin safiya, gonar masararsa ma sai dai ya leƙa ya dawo. Likita ya ce allurar ƙarfin namiji take dannewa, don da shi ciwon yake girma. Ya ce akwai wata lamba a jini. In ta sauka da wuri, alama ce maganin zai daɗe yana riƙe shi. In ta ƙi, sai a koma wanda ya fi tsanani. Jibi za a ɗibi jinin a Funtuwa. Ki sa shi a addu'a.

Mahaifiyarki,
Hansai

Ummukulsum,

Bayan gaisuwa, da fatan kuna lafiya. Lambar ba ta sauka yadda ake so ba. Likita ya tambayi Malam ko yana shan wani abu ban da nasu, ya ce a'a. Ni kuwa na sunkuyar da kai.

Ummu, akwai kwalba a bayan buhunan dawa. Baffanki Bature ne ya sayo masa a kasuwar Bakori wajen masu lasifika, wai maganin ƙarfin maza, don ya ga ɗan'uwansa ya yi sanyi. Ba maganar da uwa za ta yi da 'yarta ba ce, amma wa zan gaya wa? In na faɗa, na kunyata mijina gaban baƙo. In na yi shiru, za a ce allurar ce ta gaza, a ɗora shi kan abin da jikinsa ba zai ɗauka ba.

Ki gai da yara.
Hansai

Ummukulsum,

Sallama da fatan alheri. Na daɗe ban rubuto ba, ina jiran abin da zan ce.

Na faɗa wa likita maganar kwalbar, a gaban Malam. Likita ya ce wasu irin waɗannan magunguna ana zuba musu abin da ciwon yake so, a daina, a sake gwaji. Kwalbar na juye ta a masai. Tun ranar Malam bai kira sunana ba. In na ajiye tuwo, sai na fita yake ci.

Jiya muka karɓo sakamako. Lambar ta sauka sosai, alhamdulillahi. Likita ya ce alama ce mai kyau, amma za a ci gaba da dubawa. A mota Malam ya juya fuskarsa wajen taga har muka iso gida.

Kada ki kira shi ki ba shi haƙuri. Ki roƙa masa shekaru masu yawa, ya yi ta fushin nan da ni.

Mahaifiyarki mai kewarki,
Hansai