Ranar da Bidiyo Ta Riƙe Kaset ɗinmu

Malam,

Assalamu alaikum, da fatan kana cikin rahamar Ubangiji. Na san babu mai kai maka takardar nan, amma bakina ya cika, kuma kai na saba faɗa wa.

Samaru lafiya. Autarmu Binta ta fara tsayuwa da kujera, ta kuma gaji taurin kanka kaf. Gari ya cika da hayaniyar zaɓe, wai soja za su koma bariki. Ni ina cikin takaba, saura wata guda.

Bidiyon nan ta wurin aikinka a jami'a, wadda ka kawo gida kafin hatsarin ya same ka, jiya sun aiko cewa yau da la'asar za su ɗauke ta. Na ce bari in kalli kaset ɗin sunan Binta kafin ta tafi. Duk duniya nan ne kaɗai kake motsi kana dariya. Ina cikin kallo aka ɗauke wuta. Da aka dawo da ita na danna maɓallin fito da kaset, na sake dannawa, injin ya yi ƙugi ya riƙe kaset gam.

Malam, na kira sunanka. Sunanka na yanka, da ƙarfi, ni da shekara tara ban taɓa furta shi ba don kunya. Ka ji ni kuwa?

Mai takaba ina ita ina Sabon Gari? Na aika wa abokinka mai gyara da ke can, ya ce sai jibi. Ƙanenka ya kawo shawarar a fizgo da filaya, na kore shi.

Ka tuna yadda kake zaunar da ni kana bayani, ni kuwa ina cewa surutun boko ne? To ashe kunnena na ɗauka. Na zare waya daga bango tukuna. Na wanke hannu da sabulu, don ka sha faɗa cewa maiƙo ne ajalin kaset. Na kwance kusoshin murfi na zuba su a faranti. Sai ga zaren kaset ɗin ya naɗe wata ganga mai sheƙi. Na lalubo ƙaramar tayar da ke gefe, na dinga juya ta da yatsa sannu-sannu har ya fara saki. Inda ya maƙale na ɗaga shi da tsinken kitsona. Da kana nan da ka riƙe baki, sannan ka kwashe wata guda kana yi mini tsiya.

Ya fito. Amma a ƙarshe gaggawa ta ci ni, na ja, kamar kamu ɗaya ya yamutse. Ka sha gaya mini sauri ya haifi nawa.

Na naɗe zaren da yatsa, na mayar na gwada. Wurin da ya yamutse, Malam, daidai inda ka juyo ne ka dubi mai ɗaukar hoton. Fuskarka ta zama layi-layi, ta wuce. Muryar tana nan, kana cewa a ƙara wa baƙi tuwo. Binta za ta ga ƙeyarka da hularka da hannun da ya ɗauke ta, amma murmushin nan sai dai in ba ta labari. Yaya ake ba da labarin murmushi?

Ka yafe mini. Ina kewarka ƙwarai. Allah Ya haskaka kabarinka, Ya sada mu.

Taka har gobe,
Rabi