Balan-balan Cikin Zuciyarka

Malanbil, bayan ƙaramar salla, 1988

Zuwa ga maigidana, inuwar tsamiyata, ruwan randa ga mai buɗa baki, sanyin kogin Kwara da asuba! Ina gaishe ka gaisuwar da ta hi ƙarhin hannuna. Na koyi baƙi da girma ne don kar wani mai rubutu a bakin kasuwa ya ji abin da ke tsakaninmu. Ashe wannan rana Allah ya aje ma karatuna.

Tun ranar da ka hwaɗi a kadarko cikin kayanka na duwan, wato kwastan, anka tahi da kai asibitin Kwatano, daga nan Faransa, gidan nan ya zama jirgi ba matuƙi. Takardarka ta zo, na karanta ta har ta yi laushi. Ka ce hanyar jinin zuciyarka ta toshe. Ka ce lokotoro, likitocin can, za su zura siririn tiyo daga cinyarka har zuciya, da ɗan balan-balan a bakinsa, su hura shi ya buɗe hanya. Mahi yawa suna tashi da ƙahwahunsu, wasu jijiyar ta tsage, wasu ta sake toshewa. Kuma ka ce ba ka sa hannu a yi aikin sai ka ji ta bakina.

Ta bakina! Ni da ban taɓa wuce Paraku ba? Mi na sani, hasken idona?

Na tahi kasuwa na sayi balan-balan uku, irin wanda autarmu Azumi ke yi ma kuka, wurin wani ɗan ƙabilar Kabe mai tebur. Na tsinko karan ganyen gwanda guda uku, masu rami, na cusa laka, na zura balan-balan na hura. Na farko ya hwashe a bakina. Na biyu ya tsaga karan. Na uku ya ture lakar, na zuba ruwa ya wuce sarai. Na zamna ƙasa da kara uku a gabana, ina kuka. Wanne ne kai cikinsu? Azumi ta tsince guntayen robar, tana tambaya ko na Baba ma haka zai yi ƙara.

Ka tuna shekarar da hanyar ruwan gonarmu ta Garu ta cushe, shinkahwa tana ƙonewa? Ka tuɓe rigar aiki, ka shiga taɓo har ƙirji, kana tonewa da hannu, kana yi mani dariya don na tsaya riƙe da takalmanka kamar wata sabuwar amarya. Da ruwan ya ɓalle, da shi da kai kunka iso gona tare! Kai mai buɗe ma ruwa hanya, yau taka ta toshe, ni kuwa har yau takalma kawai na iya riƙewa. Suna nan bakin gado. Kullum ina share su.

Kaico! Da ƙirji ƙohwa ne, da na ɓalle nawa na aiko maka abin da ke ciki. Ko numhwashin da za a hura ma, da nawa anka ɗauka, don ni na san inda zan tsaya.

Ka sa hannu, maigida. Ba don na sani ba. Don na ga kara guda da ruwa ya wuce, kuma yara na bukatar uba. In wannan takarda ta makara a hanya, to Allah ya riga ni amsawa.

An ce in sun gama, wata baƙuwa ce, ma'aikaciyar asibiti, za ta kira sunanka ka buɗe ido. Sunan da ni, tun ranar da anka kawo ni ɗakinka, kunya ba ta bari ya hita bakina ba! Ba ni yarda ta riga ni. Ka sa wannan takarda ƙarƙashin matashinka, in ka ji kira, nawa ne:

Issaka. Tashi, Issaka.

Taka, nan da Lahira,
Kulu