Tukunyar da na ruhe bayan rumbu

Assalamu alaikum, Yaya Sani. Ina gaishe ka da aiki, da sanyin ƙasar da kake. Hadiza ce, autarku. Magana nike, maƙwabciyata na rubutawa, kuma na ce ta sa inda kowa zai gani, tunda ba ka ɗaukar waya.

An ce can kana haɗa ƙarhe da ƙarhe, kana biɗar wanda zahin ma'adinin uraniyom ba ya ci, zahin nan da ido ba ya gani. To, ga shi ya iske ni har gida.

Maigidana Ila ya komo daga aikin haƙar uraniyom na arewa da guntayen ƙarhe, munka kai garin Kore Mairuwa anka zuba muna tukunya. Ka tuna Baba a maƙerarshi ta Matankari? Shi ƙwanƙwasa ƙarhe, shi kara kunne, shi ce, "Kun ji? Na kirki ne, ya daɗe yana kuka." Haka na yi ma tukunyar. Ta yi kuka har na yi dariya. Wata bakwai ina dama kunun ɗiyata Nana cikinta.

Ran kasuwa wani da sunka yi aiki tare da Ila ya ce ƙarhen wurin ba a kai shi gida. Wani ƙarhen na ɗauke da zahin, kuma sai da mashin ake ganewa, kunne ba ya ji. Yaya, ranar na sauke tukunyar daga murhu.

Inna ta ce aljana doguwa ce, a yi turare. Ila ya ce tsoro raunin imani ne, in maida tukunya bisa murhu. Na ce ban maidawa. Na tona rami bayan rumbu, na ruhe ta, na aza dutse. Kwana uku ya ƙi cin tuwon tukunyar ƙasa. Shi zauna da yunwarshi! Ko gidanmu zai maida ni, ban tonowa.

Ƙarhen Turawa kake wa magani. Ɗiyar ƙanwarka hwa? Kai da kake hura zuga-zugi ina goye a bayanka. Ban ce ka zo ba. Ka hwaɗa mini likitan da zan kai ta, da abin da zan ce su duba. In kuma tukunyar lahiya take, ka ce, in durƙusa in ba Ila haƙuri gaban kowa. Amma daga bakinka nike son ji.

Allah shi tsare ka daga abin da kake taɓawa, shi tsare Nana daga abin da na ba ta da hannuna.

Ƙanwarka,
Hadiza