Allon Malamina

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ya ƙafar Inna, ya yara? Ni lafiyata ƙalau, ina cin abinci, ki kwantar da hankalinki.

Malamin da ke duba bincikena ya rasu watan jiya, Allah ya jiƙansa. Muna neman tabbatar da cewa wani dogon lissafi, duk lambobin da aka zuba masa, amsarsa ba ta sauka ƙasa da sifili. Sai an farfasa shi gida-gida, kowane gida abu ne da aka ninka da kansa. Malamin ya kai rabin aikin a allon ofishinsa, ya ce, "Gobe ma ƙarasa."

Kullum ina zama gaban allon. Shekaranjiya na ƙara layi, sai na ji gyaran muryar da yake yi idan na yi kuskure. Na waiga, ba kowa. Na duba layin, kuskuren kuwa yana nan.

Ran Litinin za a goge allon, an ba wani malami ofishin. Na kwafe komai, amma ban san ko zan iya ƙarasawa a wani ɗakin ba.

Kada ki gaya wa Inna. Ki dai ce ta sa mu a addu'a, ni da shi.

Ƙanwarki