Na'urarku Ba Ta San Kunyar Ɗan Fari Ba

Zuwa ga Shugaban asibitin da aka kwantar da ɗana a Sakkwato,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ranka ya daɗe, ni ne dattijon Fakku, ƙasar Kebbe, wanda ma'aikatanka ke bi da takarda ya sa hannu. Bokona a aji fuɗu ya tsaya, zamanin da kuɗin fetur suka sa har irina aka ba littafi kyauta, amma nakan gane abin da za a rataya mini.

Na ɗaya. Ɗana ya faɗi da babur a hanyar Tambuwal, aka kai shi ɗakin masu tsananin ciwo. Mai rajista ya tambayi sunansa. Ɗan farina ne, kuma sunan mahaifina gare shi. Shekara talatin bakina bai kama sunan nan ba, sai gaban mai danna kwamfuta? Na ce Abba, yadda muke kiransa gida. Ƙanena na tsaye bayana, da shi aka tambaya da ya faɗi.

Na biyu. Ashe da sunan yanka yake da tsohon kati wurinku, inda aka rubuta allurar da jininsa ba ya so. Na'urar da ke ba likita shawara ta nemi Abba, ba ta ga komai ba, ta zaɓi allurar nan. Na gaya wa likita akwai allurar da ta taɓa kumbura shi. Ya ce wacce? Ni da ko maganin ƙwarin wake sai na nuna kwalba! Ya dubi allon na'ura, ya ce ba a rubuta ba. Aka tsira masa, maƙogwaro ya toshe, kwana tara yana numfashi ta tiyo.

Allah ya tashi kafaɗunsa. Yanzu wai ba za a sallame shi ba sai na amsa a rubuce cewa sunan ƙarya na bayar.

Ina roƙo a koya wa na'urar tambayar sunan gida da na yanka, a kuma gaya wa likitoci idan uba ya yi magana su ɗaga kai su dube shi. Takardarku kuwa a janye ta. Ko za ku riƙe mu har kaka, ba nika sa hannu ba, ko yatsa ba zan dangwala ba. Kunya na yi, ban yi ƙarya ba.

Allah ya yi maka jagora, ya raba ka da kwanciya ɗakin nan.

Wassalam.
Wani uba daga Fakku