Ƙusar Hotona

Mama,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Yaya ƙafarki, yaya Baba da aikin citta? Ina lafiya a Glasgow, sanyi ne kawai, ina sabawa.

’Yar’uwata Milka ta turo mini bidiyon falonmu. Fulawa mai yaɗon nan da na bar miki a gwangwanin madara ta zagaye bango har saman labule! Tawa a nan ganye huɗu ne, biyu sun yi rawaya, ba rana. Milka ta ce kullum da safe kina goge mata ganye kina waƙar zumuntar matan coci. Ni kuwa sai na kira sau uku kafin ki ɗauka. Ba komai.

Amma ƙusar da kuka rataya reshenta, ta hotona ce. Ina kuka kai ni?

’Yarki,
Faustina