Fom ɗin Beatrice

Litinin, 6 ga Maris, 1995
Abuja ta haɗe ma'aikatarmu ta ciniki da ta makamashi. Karo na uku ke nan da aka sauya mana suna tun da na fara buga tafireta a ofishin nan na Jalingo. Oga Njidda ya ce mai buga takardu ɗaya za a bari, ɗayar a tura ta wata jiha. Inna ba ta iya tashi sai an ɗaga ta. Ina zan je in bar ta?

Alhamis, 9 ga Maris
Mai buga takardun makamashi ta tare a ofishina. Beatrice, daga Nukkai. Surutu kamar rediyo. Wai, "Asta, kai da ni ɗaya ne yanzu." Ɗaya a gidan wa!

Talata, 14 ga Maris
Kowa zai cika fom na tantance ma'aikata, jakar takardun za ta tafi hedikwata Juma'a. Ni na san halin hedikwata: takardar da ta zo da tsohon sunan ma'aikata ba a ko karanta ta, kwandon shara. Beatrice ta buga nata a kan tsohuwar takardarsu mai tsohon suna. Na gani, na ja bakina na yi shiru.

Laraba, 15 ga Maris
Na kasa zama wuri ɗaya. Sau uku ina ɓata wasiƙa ɗaya. Ta kawo min dafaffiyar gyaɗa, tana ba ni labarin 'ya'yanta huɗu da mijinta Manasseh da ya rasu bara. Wa ya tambaye ta? Haushinta nake ji, haushin kaina ya fi.

Juma'a, 17 ga Maris
Kafin direba ya ɗauki jakar na zare fom ɗinta, na sake bugawa a sabuwar takarda. Na ce ta sa hannu, tawada ce ta zube a wancan. Ta sa, ko dubawa ba ta yi ba. Wawiya.

Juma'a, 28 ga Afrilu
Amsa ta zo. Ita aka bari, ni Yola. Yayata Adda ta yarda za ta riƙe Inna, ni kuma in riƙa zuwa duk ƙarshen wata. Na yi kuka a banɗaki har na gaji.

Beatrice ta riƙe hannuna tana ta cewa ba ta san yadda aka yi ba. Ba kuwa za ta sani ba. Na so in fizge hannun, sai na ji ni ce na ƙara damƙe nata.